Tambaya da Amsa: Wai Tsoho Ma Ana Masa Allurar Riga-kafi?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Tunda sanyi ya fara shigowa yawancin saƙonnin da ake turo min akan iyaye ne da kakanni, wannan tari, wancan ciwon ƙirji, wasu kuma maniyyata ne ana ta shirin tafiya. Sai na tsinto waɗanda suka shafi allurar riga-kafi na haɗa su wuri ɗaya. Na ɗan gajarta masu tsawo, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

Tambaya: Salam Likita, dan Allah a raba mana gardama. Hajiyarmu ta haura saba'in, tana da suga da hawan jini. Yayanmu da yake aiki a Ingila ya bugo waya yace lallai a kaita a mata allurar namoniya da ta mura, ita kuma tace ina, ai an mata lamba tun tana yarinya ga tabon nan a damtsenta, riga-kafi na jarirai ne da masu ciki. Ni dai na rasa bayan wa zan bi. Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kowa da gaskiyarsa a nan, amma ta Yaya tafi nauyi. Tabon da Hajiya take nuna miki, wanda zakiga ya ɗan lotsa kamar girman kwabo, galibi na lambar agana ne, wasu kuma na tarin fuka. Agana kuwa tun 1980 aka tabbatar babu ita a duniya baki ɗaya, kinga wannan lambar ta gama aikinta tuntuni, ba ta kare mutum daga namoniya ko mura ko mashaƙo. Tsarin alluran yara da muka sani yanzu, wanda ake zuwa da kati ana cikewa, hukumar lafiya ta duniya ta fito da shi ne a 1974, bai iso Najeriya ba sai ƙarshen shekarun 1970, lokacin Hajiya ta riga ta yi aure ma ƙila. Ma'ana yawancin iyayenmu ba su taɓa samun alluran da jikokinsu suke samu kyauta ba.

Sannan ga tsufa. Yadda ido yake raguwa gwiwa take raguwa haka garkuwar jiki ma take raguwa, ƙwayoyin jinin da suke yaƙar cuta suna ƙaranci kuma suna jinkirin gane baƙuwar cuta, in aka haɗa da suga sai abin ya ninka domin suga shi kansa yana kashe musu kuzari. Riga-kafi kamar nuna wa 'yan sintiri hoton ɓarawo ne tun kafin ya shigo unguwa, ranar da ya leƙo ba sai an tsaya tambayar ko waye ba. Shi yasa mai suga da mai ciwon zuciya da mai asma da mai ciwon ƙoda su ne a sahun gaba, ba wai ciwon nasu ya hana a musu ba kamar yadda mutane da yawa suke zato.

Zan ɗan tsaya akan namoniya saboda yadda take zuwa wa tsoho daban ne kuma tana yaudarar 'yan gida sosai. Yaro in ta kama shi zakiga zazzaɓi rau, numfashi sama-sama, kowa ya san ba lafiya. Tsohuwa kuwa sau tari jikin ba zafi ma. Sai dai kiga ta bar kokonta bata sha ba, an kira la'asar tana zaune akan darduma bata tashi ba, tana kiran jika da sunan ƙanwarta da ta rasu shekara da shekaru, ta ɗan yi tari ƙasa-ƙasa ta koma ta kwanta. Sai a ce ai tsufa ne, ko a ce a kawo rubutu, a yi kwana uku ana jira, kafin a iso asibiti huhu ya cika. Wallahi wannan ya ci iyaye da yawa. Duk ranar da kikaga Hajiya ta rikice haka kwatsam ko numfashinta ya ƙaru da sauri, ranar za a kaita asibiti, ba gobe ba.

Abinda Yaya yake gani a can shine, a Ingila duk wanda ya kai 65 ana masa ta namoniya sau ɗaya, ta mura kuma duk shekara, kyauta. Amurka ma a Oktoban 2024 suka sauko da shekarun ta namoniya daga 65 zuwa 50. Ita ta murar dalilin maimaita ta duk shekara shine ƙwayar cutar tana sauya kama, sai a sake haɗa sabuwa, kuma ba murar atishawa da yoyon hanci ake nufi ba, ana nufin mai zafin nan mai kwantar da mutum da ciwon gaɓoɓi wadda a tsoho take iya zarcewa namoniya ko ta tayar da ciwon zuciya. Tana ɗaukar kamar sati biyu kafin ta fara aiki. Ba za ta hana mura ɗari bisa ɗari ba, amma tana rage kwanciya a asibiti da mutuwa, kuma ai shine abinda muke nema.

Amma fa ba zan ɓoye miki ba, a nan gida waɗannan biyun ba sa cikin alluran da gwamnati take yi wa manya kyauta, sai a manyan asibitoci da na kuɗi ake samu kuma ba su da araha. Tunda Yaya ne ya kawo maganar toh ya turo kuɗin, ki fara tuntuɓar likitan da yake duba sugan Hajiya ya gaya miki inda ake samun mai kyau. Wanda kuma ba shi da halin haka kar ya karaya, akwai abinda zai yi ba ko sisi: ya tabbatar jikokin gidan sun kammala alluransu. Ta namoniya tana cikin katin yara a Najeriya tun ƙarshen 2014, kuma ƙwayar cutar a hancin ƙananan yara take zama, su suke kai wa kaka ita lokacin da suke hawa cinyarta suna goga mata majina a zani. A ƙasashen da aka yi wa yara wannan allurar sosai an ga namoniyar tsofaffi ma ta ragu.

Tambaya: Likita barka da aiki. Baba zai sauke farali bana in sha Allah, shekarunsa 68. Yana tsoron allura sosai, wani yace mana akwai wanda zai kawo mana katin an buga hatimi ba sai an masa ba. Akwai matsala? Daga wani ɗan'uwa a Gusau.

Amsa: Akwai babbar matsala ɗan'uwa, kar ku soma. Allah ya kai Baba lafiya ya dawo da shi lafiya, amma kati ba shi zai shiga ɗawafi ba, jikin Baba ne zai shiga, cikin mutum sama da miliyan ɗaya daga kowace kusurwa ta duniya, kafaɗa da kafaɗa, a Mina kuma a kwana tanti ɗaya ana shaƙar numfashin juna. Saudiyya ba haka kawai ta ƙirƙiro dokar ba. A 1987 sanƙarau ya ɓarke a aikin hajji, aka wajabta allura, sai a 2000 da 2001 wani nau'in daban ya sake ɓarkewa wanda tsohuwar allurar bata kamawa, alhazai suka koma da shi ƙasashensu har ya kama iyalansu da ba su je ko'ina ba. Daga nan ne aka koma mai kare nau'i huɗu, wadda ake yi yanzu. Kai da kake Gusau ma ba sai an baka labarin sanƙarau ba, kasan abinda ya yi a Zamfara a 2017.

Sharaɗin shine a yi ta aƙalla kwana goma kafin a sauka Saudiyya, dan jiki ya samu lokacin haɗa garkuwa, saboda haka kar a bari sai an shiga sansanin alhazai ana jiran jirgi. Za a ɗiga masa ta shan-inna ma, kar ya ce shi ba yaro bane, ana neman hakan ne daga 'yan ƙasashen da har yanzu ake sa wa ido akan cutar. In da hali a ƙara masa ta mura, kowa ya san tarin da alhazai suke dawowa da shi. Sauran sharuɗɗa kamar na korona sukan canja daga shekara zuwa shekara, hukumar alhazai ta jiharku ce za ta faɗa muku na bana.

Inda nake so ku nutsu shine allurar zazzaɓin shawara. In an taɓa yi wa Baba ko da shekara ashirin da suka wuce ne, ba ya buƙatar wata, tun 2016 dokar duniya ta koma cewa guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, sai ku nemo tsohon katin. In kuwa bai taɓa yi ba, toh ita wannan ta bambanta da sauran, da ƙwayar cuta mai rai aka yi ta wadda aka raunana, kuma wanda ya haura sittin yana da ɗan ƙarin haɗarin ta bashi matsala mai tsanani, duk da ba kasafai hakan ke faruwa ba. Saboda haka a gaya wa likitan maniyyata gaskiyar shekarunsa da duk maganin da yake sha, musamman in yana maganin ciwon daji ko wani magani mai rage garkuwa, ko in ƙwai yana tayar masa da borin jini. Likita ne zai auna. Wannan ita ce hanya, ba hatimin bayan fage ba.

Tambaya: Ina gaisuwa Likita. Tsohona manomi ne, kwanaki hauya ta sare shi a ƙafa ya zuba ƙasa ya ɗaure da tsumma, da ƙyar ya yarda muka tai likita, sunka yi mishi allura guda sunka ce ya dawo bayan wata. Ciwo ya warke shi kuma ya ce bai komawa. Dole ne? Daga wajen Maraɗi.

Amsa: Dole ne Malam, ka lallaɓa shi ya koma. Allurar da aka masa ta sarƙe-haƙora ce, wato titanus, kuma guda ɗaya ga wanda bai taɓa yi ba bata isa komai ba, share fage ce kawai. Ta biyu bayan sati huɗu, ta uku bayan wata shida, daga nan ne kariyar take kama jiki na shekaru, in aka cika biyar kuwa da tazarar shekara-shekara tsakanin na ƙarshen an huta na dogon lokaci.

Mutane suna ɗauka tsatsa ce take kawo ciwon, a'a, ƙwayar cutar a cikin ƙasa take da kashin dabbobi, tana iya shekaru a gona bata mutu ba, kaga kenan ƙasar da tsoho ya zuba dan tsayar da jini ita ce babban haɗarin ba hauyar ba. Haka masu zuba baƙin mai ko toka ko kashin shanu. Tana shiga ta rauni mai zurfi ko da ƙaramin huji ne na ƙaya ko ƙusa, ta yi kwana uku zuwa sati uku shiru, wani lokaci ma ciwon ya rufe an manta da shi, sai mutum ya wayi gari ya kasa buɗe baki ya sa lomar tuwo, wuya ya sandare, baya ya banƙare, ƙarar rufe ƙofa kaɗai ta sa jiki ya ɗau karkarwa, kuma duk yana cikin hayyacinsa yana jin komai. Jinyarsa tsada gare ta kuma tsofaffi sun fi kowa mutuwa da shi.

Abin da ke damuna a nan shine maza. Mata da yawa sun samu wannan allurar a wajen awon ciki, wasu har sau uku sau huɗu ba su ma sani ba. Dattijon da yake wuni a gona ba takalmi, ko mai kiwo, ko mahauci, ko maƙeri, shi ba abinda ya taɓa kai shi. Kuma wadda ake yi yanzu haɗe take da ta mashaƙo, cutar da ta addabi Kano da maƙwabtanta a 2023 har ta taɓa Zinder, saboda haka riba biyu ce. Nan gaba in aka samu rauni, ruwa mai tsabta da sabulu, a wanke sosai, a danne da ƙyalle mai tsabta, a tafi likita a ranar.

Tambaya: Likita ni gaskiya ban yarda da alluran nan ba, kakanninmu sun yi shekara ɗari ba allura. Ba mu manta abinda Pfizer suka yi wa yaranmu a Kano ba. Yanzu kuma an dawo kan tsofaffi, ba so ake a ƙarar da su ba? Ai kowa da ranarsa. Daga wani mai karatu a Fagge, Kano.

Amsa: Malam na gode da ka faɗi abinda yake ranka, da yawa suna da wannan tunanin ba sa furtawa. Abin 1996 ya faru, ba ƙage bane. Lokacin annobar sanƙarau aka gwada maganin Trovan a Kano cikin gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a akan ko an nemi izinin iyaye yadda ya kamata, har a 2009 kamfanin ya yi sulhu da gwamnatin Kano akan dala miliyan 75. Duk wanda yace ka manta da wannan bai maka adalci ba. Sai dai ka riƙe abu ɗaya, Trovan magani ne sabo da ake gwadawa akan waɗanda suka riga suka kamu, ba riga-kafi bane. Alluran da muke magana akai kuwa an yi shekaru ana amfani da su, ta titanus tun kafin yaƙin duniya na biyu take, kuma ƙasashen da suke ƙera su nasu iyayen suke fara yi wa.

Mun kuma ga abinda tsoro ya jawo mana. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan-inna a Kano kusan shekara guda, cutar ta dawo da ƙarfi ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yaran da suka shanye a lokacin yanzu magidanta ne muna ganinsu akan kekunan guragu. Sai a Agustan 2020 aka iya cewa Afirka ta rabu da ainihin cutar.

Maganar ƙarar da tsofaffi kuma, kai ɗan Kano ne, tuna watan Afrilun 2020. Kullum sai an sanar da rasuwar wani farfesa ko malami ko attajiri ko basarake, masu haƙan kabari suna cewa ba su taɓa ganin irinsa ba. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, yace an ƙirga mutum 979, kuma rabi ko fiye ana danganta su da korona, yawancinsu dattawa masu suga da hawan jini. A lokacin babu allurar korona ko ɗaya a duniya, bata iso Najeriya ba sai Maris 2021. Cuta ce ta ɗebe mana su Malam, ba allura ba. Kakannin da suka yi shekara ɗari gaskiya ne akwai su, amma tambayi duk wata tsohuwa 'ya'ya nawa ta haifa nawa suka rayu, zata lissafa maka waɗanda ƙyanda da agana da tarin shiƙa suka ɗauke.

Kowa da ranarsa, haka ne babu ja. Amma lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta sauka can, juyawa ya yi da jama'arsa, da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake, cewa ya yi eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Abinda allura take jawowa galibi ciwon damtse ne da ɗan zazzaɓi da kasala na kwana ɗaya ko biyu, farasitamol ya isa. Matsala mai tsanani tana iya faruwa amma da wuya ƙwarai, kuma yawanci a mintunan farko take bayyana, shi yasa ake cewa a zauna kamar kwata kafin a tafi gida.

Tambaya: Likita, wasu ƙuraje ne suka fito wa Innata a gefe ɗaya na haƙarƙari kamar an ja layi, masu ruwa, tace kamar wuta ake sa mata. Sun bushe amma zafin bai tafi ba wata na uku kenan. Ana cewa jifa ne. Akwai riga-kafinsa? Daga wata 'yar'uwa a zangon Kumasi.

Amsa: Allah sarki, Allah ya ba Inna sauƙi. Ba jifa bane 'yar'uwa, ƙarambau ɗin da ta yi tana yarinya ne. Ƙwayar cutar bata barin jiki, kwanciya take a jijiya shekara hamsin sittin, in garkuwa ta yi rauni ta farka ta bi jijiya ɗaya ta fito, shi yasa kikaga gefe ɗaya bata tsallaka tsakiyar jiki ba. Zafin da ya rage na jijiya ne, maganin ciwon jiki na yau da kullum ba ya taɓa shi sosai, akwai nasa daban sai likita ya rubuta, ki kaita. Ga sauran masu karatu, maganin kashe ƙwayar ya fi aiki in an fara cikin kwana uku da fitowar ƙurajen, in kuma a goshi ne ko kusa da ido a garzaya dan yana iya taɓa gani. Riga-kafinsa akwai, Shingrix, allura biyu da tazarar wata biyu zuwa shida, ana yi daga shekara 50, wanda ya taɓa yin ciwon ma ana masa bayan ya warke. Sai dai bata cikin na gwamnati a ƙasashenmu kuma tana da tsada.

Tambaya: Akwai mai kemis a layinmu yace yana da duk alluran nan da sauƙin kuɗi har gida yake zuwa. In kai Baba? Kuma in ya faɗo cikin azumi allura tana karya shi? Daga Azare.

Amsa: Kar ka kai shi. Yawancin alluran riga-kafi sai an ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta har zuwa damtse, in zafi ya buge su ko suka daskare sun lalace kuma ido ba ya ganewa, kai kuma kasan yadda wutar layinku take. Ga jabu, a 2015 ana tsakiyar annobar sanƙarau a Nijar hukumar lafiya ta duniya ta fitar da gargaɗi akan alluran jabu da aka samu a kasuwa. Ka je asibitin gwamnati ko babban asibitin da ka yarda da shi, ka ga an ciro kwalbar daga firij ko akwatin sanyi a gabanka, a duba ranar lalacewa, a fasa sabon sirinji, a rubuta maka sunan allurar da ranar a kati ka adana. In Baba yana zazzaɓi mai zafi a ranar a bari ya warware, ɗan mura ko tari mara ƙarfi kuwa ba ya hanawa. Azumi kuma, mafi yawan malaman wannan zamani sun tafi akan allurar da ba ta abinci ba ce bata karya shi, in zuciyar Baba bata kwanta ba ya tambayi limaminku ko a shirya masa ita bayan Sallah.